Mita biyu a hanjin Yaya

 Yau labarin gidanmu muka kawo, kuma sai da muka nemi izinin mai labarin kafin mu rubuta. Ta ce a faɗa, amma kada a kama suna. To za mu kira ta da abin da muke kiran ta a gida, wato Yaya.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu. Atamfa da leshi take saidawa tun muna ƙanana, kuma da ribar turmin atamfa aka biya wa da yawanmu kuɗin lakkol. Jiki gare ta tun tana budurwa. Kun san yadda abin yake a wajenmu, mace mai jiki ita ce mai hutu, ita ce wadda miji ya riƙe da kyau, har wasu na sayen sha-ka-fashe a bakin hanya don su kamo ta. Ba wanda ya taɓa kallon ƙibar Yaya a matsayin ciwo sai da ta kai kilo 131, sukari ya kama ta, tansiyo ya hau, gwiwoyi suka ƙi ɗaukar ta. Sallah a kan kujera take yi. Da dare in tana barci numfashi kan ɗauke mata, sai ɗiyarta ta tashi ta girgiza ta. An gwada duk abin da ake gwadawa, rage tuwo, jiƙe-jiƙen ganye, tattaki bayan asuba. Ta sauke kilo 5, ta mayar da 8.

Ana nan sai wata ƙawarta ta Damagaram, abokiyar sarin kaya, ta zo biki. Wallahi sai da ta yi magana muka gane ta. Shekara biyu kafin nan an yi mata aiki a waje, ta sauke kusan kilo 40, ta daina allurar sukari. Ta ce sunan aikin baifas, irin wanda ake ce wa omega, kuma mita biyu na hanjinta aka kewaye. Daga ranar Yaya ba ta ƙara samun natsuwa ba.

Muka yi taron dangi, aka sayar da fili guda, aka haɗa abin da ya sawwaƙa. Ƙasar da muka kai ta da sunan kilinik ɗin ba sai mun faɗa ba. Abin da ya kamata mu faɗa shi ne namu laifin. Kafin tafiya, likitan ya yi mana bayani ta WhatsApp cewa yana iya kewaye mita ɗaya da rabi, yana iya kewaye mita biyu. Mu kuwa muka yi masa lissafin kasuwa. Kuɗin ɗaya ne, tikitin jirgi ɗaya ne, to don mi za mu ɗauki ƙarami? Ga kuma shaida mun gani da idonmu a wajen biki. Yayanmu namiji ya ce, "A yi mata mai ƙarfin, kada mu koma sau biyu." Duk muka ce haka ne. A zatonmu tsawon hanjin da aka kewaye shi ne yawan kilon da zai zube, kamar yadda yawan taki ke ƙara damma a gona.

Bari mu ɗan tsaya mu faɗi yadda aikin yake, don har yau akwai masu cewa an yanke hanjin Yaya an zubar. Ba a zubar da komai ba. Abinci in ya bar tumbi yana shiga ƙaramin hanji, a nan yake haɗuwa da ruwan maɗaci da ke zuwa daga hanta, da wani ruwan narkarwa da ke zuwa daga wata gaɓa a bayan tumbi wadda likitoci ke ce wa fankireyas. In ba waɗannan ruwaye, mai da nama ba sa narkewa yadda jiki zai tsotse su. A aikin omega, likita na tsaga tumbi ya fitar da wata siririyar jaka, sai ya ƙirga hanji daga farkonsa, ya ɗago wurin da ya zaɓa ya ɗinke shi da jakar. Sashen da aka tsallake yana nan da ransa, amma ruwan narkarwa kaɗai ke bi ta cikinsa. Abinci ba ya haɗuwa da su sai daga wurin ɗinkin zuwa ƙasa. Wannan ragowar ita ce ke ciyar da mutum.

Watannin farko murna muka yi ta yi. Sukari ya sauka tun kafin kilo ya fara zubewa sosai. A wata na tara Yaya tana kilo 86, ta yi sallar Idi a tsaye, ta yi sujada da goshinta a ƙasa, ta dawo gida tana kuka. Abin da ya ba mu mamaki, ba ta jin yunwa. Ita da ke cinye kwanon tuwo, sai ta ci loma huɗu ta ture. Shayi mai sukari ko hura da aka zuba wa sukari kuwa, in ta sha sai zufa ta karyo mata, zuciya ta dinga bugawa, sai ta kwanta. Da kanta ta bar su.

Sai dai kilon bai tsaya inda muka so ya tsaya ba. 78, 71, 66. Gashi ya fara zuba a matsefi. Zawo sau shida, sau bakwai a yini, mai maiƙo, mai wari, har ta daina zama a shago don kunya. Magariba na yi sai ta fara lalube, ba ta ganin bakin ƙofa, irin dundumin da muke jin tsofaffi na faɗa. Magana ta fara yawo a unguwa. Wasu suka ce sammu ne na ƴan kasuwa, wasu suka rage murya suka ce ciwon zamani ne. Magungunan bitamin da aka ba ta daga can sun ƙare tun wata na huɗu, mun nemi irinsu a farmasi ba mu samu ba, muka sayi abin da muka samu, daga baya ma muka yi sakaci. Mun ɗauka tunda aiki ya yi kyau, magana ta ƙare.

Da ƙafafunta suka fara kumbura, wasunmu har hamdala suka yi, wai jiki ya fara dawowa. Wadda ta farkar da mu ɗiyar gwaggonmu ce, mai aiki a sashen kwantar da yara masu tamowa. Ta zo gaisuwa, ta zauna a tabarma, ta kalli ƙafar Yaya. Ba ta ce komai ba, ta sa babban yatsa ta danna bayan ƙafar, ta ɗaga. Ramin ya zauna bai cike ba. Ta ce, "Yaya, wanga ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Abin da nike gani ga yara kullum shi ne wanga. Tamowa ce." Ɗakin ya yi tsit. Mu mutanen Maraɗi ba wanda zai koya mana mece ce tamowa, amma mun san ta a jikin yaron da aka yaye a lokacin bazara, a gidan da rumbu ya ƙare. Ba mu taɓa zaton ganin ta a jikin Hajiya mai shago, wadda firjinta ke cike da nama ba.

Kwana biyu bayan nan muka kama hanyar Yamai. Analiz ya nuna jini ya yi ƙasa ƙwarai, sinadarin ƙarfe da likitocinmu ke ce wa fer ya kusa ƙarewa, haka ma albimin, wato furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya. In ya yi ƙaranci ruwa na tsiyaya ya taru a ƙafa. Likitan da ya duba ta, wani dattijo mai haƙuri, ya ce, "Hajiya, ina takardar bayanin aikin?" Allah ya sa tana cikin jakarta. Ya karanta, ya ce an rubuta santimita 200.

Yaya ta yi shiru, sannan ta yi tambayar da duk cikinmu ba wanda ya yi tunanin yi tun farko. Ta ce, "Likita, na ji mita biyu anka ɗauka. To nawa anka bar mini?"

Ya juya takardar gaba da baya, ya ce ba a rubuta ba, alamar ba a auna hanjin gaba ɗaya ba. Ya ce likitoci da yawa suna ƙirgawa ne daga sama su tsaya inda suke so, don bin hanji duka da ƙarfe yana ɗaukar lokaci kuma ana iya ji masa rauni. Sannan ya faɗa mana abin da ya warware mana komai. Ƙaramin hanji ba tsawonsa ɗaya ba a jikin mutane. Yawanci yana kai mita 6 zuwa 7, amma akwai wanda nasa bai kai mita 4 ba, akwai wanda ya haura 9, kuma ba a iya ganewa ta kallon mutum ko ta nauyinsa.

Mai saida atamfa ba ta buƙatar a maimaita mata wannan. Turmi yadi 6 ne, wajen mita 5 da rabi, zane uku ke nan. Mita biyu kuwa zane ɗaya ne da ɗan ɗori. Yaya ta ce, "Wato in mai turmi da rabi ta ba da zane guda, ba ta ji ba. In mai zane biyu ta ba da guda, ta koma ɗaurin ƙirji." Likitan ya yi dariya ya ce shi bai taɓa samun mai bayyana shi haka ba. Ƙawarta ta Damagaram da ita lamba ɗaya ce a takardunsu, 200, amma abin da ya rage a cikinsu ba ɗaya ba ne.

A makonnin da Yaya ta yi a kwance ana ƙara mata jini da fer da bitamin, ƙanenmu da ya yi karatun kiwon lafiya ya dinga nemo mana bayani yana fassara mana a bakin gado. A nan muka gane cewa lissafin kasuwar da muka yi, likitoci sun riga mu yin sa, kuma sun biya da tsada. A Amurka, a shekarar 1969, wasu likitoci biyu, Payne da DeWind, sun bayyana wani aiki da ake haɗa santimita 35 na farkon hanji da santimita 10 na ƙarshensa, a tsallake duk abin da ke tsakani. Kamu ɗaya ke nan aka bar wa mutum. Mutane sun rame sosai, ba shakka. Amma sai zawo marar tsayawa, tsakuwar ƙoda, da lalacewar hanta da ta kashe wasu, har aka yi watsi da aikin. A 1979 wani likitan Italiya, Nicola Scopinaro, ya fito da nasa salon da abinci da ruwan maɗaci ba sa haɗuwa sai a santimita 50 na ƙarshe. Irin wannan aiki har yau yana cikin waɗanda suka fi sauke kilo, kuma yana cikin waɗanda suka fi jawo ƙarancin abinci a jiki. Omega ɗin da aka yi wa Yaya, wani likitan Amurka mai suna Robert Rutledge ya fara shi a 1997.

Don haka ba za mu ce tsawo ba ya aiki ba. In aka kai shi maƙura yana sauke kilo, ta hanyar hana jiki cin moriyar abin da aka ci. Tambayar ita ce, a tsakiya fa, ƙarin rabin mita ko mita guda mi yake sayo wa mutum? A Norwe an gwada, aka buga sakamakon a 2016. Mutum 113 masu ƙiba mai tsanani aka raba gida biyu. Rabi aka yi musu baifas na yau da kullum, rabi aka kewaye musu hanji sosai har santimita 150 kawai aka bari inda abinci ke haɗuwa da ruwan maɗaci. Bayan shekara biyu, kilon da suka sauke kusan ɗaya ne. Bambancin ya fito ne a wajen wahala, don masu dogon kewaye sun fi zawo, sun fi ƙarancin sinadarai, wasu har tamowa. A Holand kuma an ga cewa tsawaita sashen da ruwan maɗaci ke bi, daga santimita 75 zuwa 150, ya ɗan ƙara sauke kilo a shekarun farko. Ɗan ƙari ne, ba ninki ba.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Faransa, don shi ne daidai aikin Yaya. A 2019 aka buga wani gwaji mai suna YOMEGA a mujallar The Lancet, ƙarƙashin wata likita ta birnin Liyon, Maud Robert. Mutum 253 aka raba, wasu omega mai santimita 200, wasu tsohon salon baifas mai ɗinki biyu da gajeren kewaye. Bayan shekara biyu ramar kusan ɗaya, amma matsaloli masu tsanani na ƙarancin abinci a ɓangaren omega suka fito. A wannan shekarar hukumar ƙoli ta kiwon lafiya ta Faransa ta ce omega mai santimita 200 ko fiye ba aiki ne da ta amince da shi ba. Da ƙanenmu ya karanto wannan, yayanmu namiji, mai "a yi mata mai ƙarfin", ya tashi ya fita daga ɗakin. Mun same shi zaune a inuwar bedi ya rufe fuska da rawani.

To in ba tsawon ba ne, mi ke sauke kilon? Mafi yawansa daga rashin cin da yawa ne. Jakar ƙarama ce, sannan abinci na isa ƙasan hanji da wuri, hanjin kuma sai ya saki wasu sinadarai da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ɗaya daga cikinsu shi ne GLP-1, wanda allurar nan Ozempic da ake ta zancenta take kwaikwaya, kuma shi ke taimakawa sukari ya sauka da wuri. Loma huɗun da Yaya ke ci ta ture, wannan shi ne aikin. Da mita ɗaya da rabi ma da ta same shi.

Akwai wani abu kuma da mu muka ƙara da kanmu, ba daga takarda ba. Waɗancan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da majiyyaci ke komawa wajen likitansa a kai a kai, ana ɗibar jininsa, bitamin ɗinsa na jiran sa a farmasin bakin layi. Duk da haka wasu suka faɗa tamowa. Mu fa? Likitan da ya yi aikin yana bayan teku ko bayan hamada, wasu analiz ɗin sai mun yi tafiyar yini guda a bas. Abincinmu hatsi ne, tuwo, hura, kunu, shinkafa. Wanda aka yi wa wannan aiki ana so ya samu furotin aƙalla giram 60 kullum, ga ciki ya zama ɗan mitsitsi. In loma huɗun nan ta tuwo ce, ina nama zai shiga? A ganinmu ɗan Maraɗi ko ɗan Tawa ya fi ɗan Liyon buƙatar a bar masa hanji da yawa, don shi ba ya da mai tare shi in ya fara zamewa. Likitoci da dama suna son a bar wa mutum aƙalla mita 3 da abinci zai bi. Da mun san da wannan, da ita ce tambayar farko da za mu yi a WhatsApp ɗin nan, kafin tambayar kuɗi.

Ba muna cewa kada kowa ya yi aikin ba. Yaya da kanta in an tambaye ta cewa take ba ta nadamar rabuwa da allurar sukari da kujerar sallah. Nadamarta rabin mitar nan ce da muka ƙara mata da bakinmu, da kwalaben bitamin da muka bari suka ƙare.

Sai da aka yi wata biyu ana gina jikinta kafin likitoci su yarda a sake shiga cikinta, don jikin da ba furotin ɗinki ba ya kamawa. Mun koma sau biyun da muka ce ba mu so, an sayar da shanun gado. A wannan karon an bi hanjin daga farko har ƙarshe an auna. Santimita 440 ne duka, zane biyu da kusan rabi. Wato fiye da shekara guda Yaya na rayuwa da santimita 240. Aka kwance ɗinkin aka mayar da shi sama, aka bar kewayen a santimita 120, ya zama 320 ke ciyar da ita. Mun sa an rubuta lambobin uku a takarda, kuma mun yi mata hoto kowa ya ajiye a wayarsa.

Zawon ya ragu cikin makonni. Kumburin ya sace, dundumin ya tafi bayan an ba ta bitamin A. Gashi ne ya fi jinkiri. Yanzu tana kilo 77, sukari bai dawo ba. Kwanon cin abincinta ƙarami ne na yara, kuma doka ce a gidan, ƙwai ko awara ko kifi ko wake su fara shiga, in da sauran wuri tuwo ya biyo. Lokacin fara, ɗiyarta kan soya mata ta cire ƙafafu. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da masu tallan magani ke yawo da su an hana ta har abada, don suna iya huda wurin ɗinkin. Azumi biyu ta sha, na bana likita ya ce sai an ga analiz na watan Sha'aban.

Ta koma shago. Makon jiya wata mata ta zo sayen leshi, ta daɗe tana juya kaya ba ta zaɓa ba, ashe ba leshin ya kawo ta ba. Ta rage murya ta ce, "Hajiya, an ce ke ma an yi miki aikin nan. Mijina ya yarda, wata mai zuwa za mu tahi. Mita nawa zan ce a yi mini?" Yaya ta jawo wani turmi, ta warware shi a kan tebur, ta ce mata ta zauna, ta aiki yaro ya kawo ruwa.